Tsuntsu ne ko jirgi? Yadda ake koya wa na'urar radar gane ƙananan abubuwa

Da misalin ƙarfe tara na daren Laraba, 19 ga Disamba, 2018, hukumomin filin jirgin sama na Gatwick, wanda ke kudu da birnin Landan, suka rufe titin tashi da saukar jirage saboda an ce an hangi jirgi maras matuƙi yana shawagi a kusa. Bai buɗe yadda ya kamata ba sai ranar Juma'a. Kafin lokacin, an soke ko an karkatar da tashi da saukar jirage kusan 1,000, matafiya kimanin 140,000 suka rasa yadda za su yi, ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. An kama mutum biyu, aka sake su ba tare da tuhuma ba. Har aka rufe bincike ba a gurfanar da kowa ba, ba a kuma samu hoto guda ɗaya tsayayye na abin da ya tayar da hankalin ba. A tsakiyar rikicin ma wani babban ɗan sanda ya furta cewa mai yiwuwa babu wani jirgi tun farko, maganar da rundunar ta yi saurin janyewa.

Filin jirgi ne na biyu mafi cunkoso a Birtaniya, cike da na'urorin radar masu iya bin sawun jirgin fasinja tun yana nesa da kilomita da dama. Amma abin da bai fi tiren shayi girma ba ya gagare su. Tun daga wancan lokaci, tambayar da ta fi damun masu ƙera radar ba ta tsaya kan nisan da na'ura za ta hango ba. Ta koma kan ƙanƙantar abin da za ta iya gani, da kuma ko za ta iya faɗin ko mene ne shi. A ƙoƙarin amsa wannan tambaya ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo, musamman reshenta da ake kira saƙar jijiyoyi, wato tsarin lissafi mai hawa-hawa wanda ke koyo daga misalai.

Dalilin da ƙaramin abu ke ɓacewa

Radar amsa-kuwwa ce. Na'urar tana harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi abu, wani ɗan kaso nata ya dawo. Da yake igiyar na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, abin da ke nisan kilomita 15 zai mayar da amsa cikin kashi ɗaya bisa 10,000 na daƙiƙa, kuma daga wannan ɗan jinkiri ake lissafa nisa. Bajamushe Christian Hülsmeyer ya nuna haka tun 1904, da wata na'ura da ya ƙera domin jiragen ruwa su ankara da juna a cikin hazo. A 1935 Robert Watson-Watt da abokan aikinsa suka gwada ta a kan jirgin sama a Daventry ta Ingila, daga nan kuma yaƙin duniya na biyu ya ɗauke ta ya raine ta.

Matsalar ita ce amsar na raunana da sauri ƙwarai. Idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin abin da ke dawowa yana raguwa sau 16. Juya lissafin ta ɗaya gefen: idan abu yana mayar da igiya ƙasa da wani sau 10,000, to nisan da za a iya hango shi zai ragu sau 10. Kusan wannan ne ratar da ke tsakanin babban jirgin fasinja da ƙaramin jirgi maras matuƙi irin wanda masu ɗaukar hoton biki ke amfani da shi. Na'urar da ke ganin na farko daga kilomita 100 ba za ta ji ɗuriyar na biyu ba sai ya matso kilomita 10, idan ma babu komai a tsakani. Alhali kuwa akwai: bishiyoyi, gine-gine, motoci, ruwan sama, da tsuntsaye. Tattabara ko shirwa tana mayar da igiya kusan daidai da wannan ƙaramin jirgi, tana tashi a tsayi ɗaya da shi, da gudu kusan ɗaya. A lokacin yaƙin duniya na biyu masu kula da radar a Ingila sun riƙa ganin wasu ɗige-ɗige da ba su san asalinsu ba, suka laƙaba musu suna mala'iku. Masanin tsuntsaye David Lack na cikin waɗanda suka nuna cewa garken tsuntsaye ne. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne su sa na'ura ta yi watsi da duk abin da ke ƙarami, mai tafiya a hankali, kusa da ƙasa. Tace tsuntsaye da aka yi shekara da shekaru ana taƙama da shi, shi ne ya tace jirgi maras matuƙi tare da su.

Sai kuma batun kaifin gani. Radar ba ta ɗaukar hoto kamar kyamara. Iyawarta ta raba abu biyu da ke kusa da juna ta fuskar nisa ya dogara ne ga faɗin zangon da take amfani da shi: megahaz 150 na ba da kimanin mita ɗaya, gigahaz ɗaya na ba da santimita 15. Ta fuskar dama da hagu kuwa, girman eriya ne ke yanke hukunci. Hasken radar ɗin filin jirgi yana da faɗin kusan digiri ɗaya da rabi, abin da ke nufin a nisan kilomita 40 ya baje ya kai faɗin kilomita guda. Duk abin da ke cikin wannan fili, ɗigo ɗaya ne a allo.

A 1951 wani injiniya mai suna Carl Wiley, na kamfanin Goodyear a Amurka, ya gano dabarar kewaye wannan shinge. Idan eriya ƙarama tana tafiya a jikin jirgi, tana harbi tana karɓar amsa a wurare daban-daban a kan hanyarta, za a iya tattara amsoshin a lissafa su kamar daga wata ƙatuwar eriya guda suka fito, mai tsawon tazarar da jirgin ya ci. Wannan ce radar mai ƙagaggiyar eriya, wadda aka fi sani da SAR. Amurka ta ɗora ta a kan tauraron ɗan'adam na Seasat a 1978, kuma a yau akwai kamfanoni masu zaman kansu, irin su ICEYE na Finland da Capella da Umbra na Amurka, da ke sayar da hotunanta masu kaifin da bai kai rabin mita ba. Akwai kuma ƙanwarta, inda na'urar ke tsaye a ƙasa, abin da ake kallo ne ke motsi yana juyawa, sai a ci moriyar juyin nasa a fitar da siffarsa. Ko da haka, hoton radar ba ya da daɗin kallo. Yana zuwa da yayyafin ɗige-ɗige irin na tsohuwar talabijin da eriyarta ta karkace, dogon gini ya bayyana kamar ya kwanta, kusurwar ƙarfe ta yi ƙyalli fiye da girmanta, fuskar ruwa mai lafawa ta yi baƙi ƙirin. Mai karanta shi sai ya yi shekaru yana koyo.

Abin da saƙar jijiyoyi ke yi

Saƙar jijiyoyi ba ƙwaƙwalwa ba ce, duk da sunan da aka ara mata. Tarin lambobi ne, wani lokaci miliyoyi, da aka jera hawa-hawa. Ana shigar da hoto ta ƙasa, kowane hawa ya ninka ya tara ya miƙa wa na sama, a ƙarshe amsa ta fito. Idan amsar ta kauce, sai a ɗan gyara lambobin, a sake. Bayan an maimaita haka a kan dubban misalai, sai tsarin ya fara cin gwaji ko a kan hoton da bai taɓa gani ba. Tunanin ya daɗe, amma a 2012 ne ya yi fice, lokacin da ɗaliban Geoffrey Hinton a Jami'ar Toronto suka yi wa abokan takara fintinkau a gasar gane hotuna. Hinton ɗin ne ya raba kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks da John Hopfield a 2024. Ba a jima ba masu binciken radar suka ɗauki dabarar.

Aikin da ya fi sauƙin fahimta shi ne na bambance tsuntsu da jirgi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi motar jiniya ta wuce ya san yadda ƙararta ke yin siriri tana tahowa, ta yi kauri bayan ta gifta. Igiyar radar ma haka take canzawa idan ta bugi abu mai motsi. Victor Chen, na cibiyar binciken rundunar sojin ruwan Amurka, ya yi suna wajen nazarin ƙananan canje-canjen da sassan jikin abu ke haddasawa a kan wannan amsa: kaɗawar hannun mai tafiya, bugun fiffike, juyin farfela. Farfelar ƙaramin jirgi na juyawa sau dubbai a minti ɗaya, tsuntsu mai ɗan girma kuwa bai wuce bugu kaɗan a daƙiƙa ba. Idan aka zana waɗannan canje-canje a kan lokaci, sai su fito kamar zane, na jirgi layi-layi a jere, na tsuntsu kamar tudu da kwari. Da zarar sauti ya koma zane, to ya shiga gonar saƙar jijiyoyi. Na'urorin gano jirage marasa matuƙa da aka girke a filayen jiragen Turai bayan Gatwick da yawansu kan wannan turba suke, ana haɗa su da kyamara da na'urar sauraron siginar mai sarrafa jirgin.

Akwai iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta tun da wuri. Farfelar roba ba ta mayar da igiya sosai, don haka sau da yawa na'ura kan ga ɗigon tun daga nesa amma ba ta jin farfelar sai ya matso. Tsuntsun da ya baje fiffike yana lilo a iska, kamar yadda ungulu da shirwa ke wuni suna yi, ba ya bugun komai da za a ji.

Aiki na biyu shi ne wanke hoto. Tsofaffin dabarun cire yayyafin ɗige-ɗige sun dogara ne ga gauraya ɗigo da maƙwabtansa, abin da ke rage yayyafin amma ya shafe ƙananan abubuwa tare da shi, kamar mai share tsakar gida ya haɗa da allurar da ake nema. Saƙar jijiyoyi da aka horar da kyau takan fi iya rarrabe yayyafi da gefen abu na gaskiya.

Na uku ya fi zurfi, kuma a nan ne fa'ida da haɗari suka haɗu. Sau da yawa radar ba ta samun cikakken awo. Tauraro ya wuce cikin daƙiƙu kaɗan, ko abin da ake kallo bai juya sosai ba, ko eriyar ƙarama ce kamar ta jikin mota. Da awo kaɗan, hotuna masu yawa za su iya dacewa da amsar da aka samu, sai a rasa wanda za a zaɓa. Kusan 2006 masana lissafi David Donoho da Emmanuel Candès da Terence Tao da Justin Romberg suka nuna cewa idan abin da ake nema ba shi da sassa masu yawa, kamar jirgi guda a sararin sama wanda kusurwoyinsa kaɗan ne ke ƙyalli, to ana iya gano shi daga awo kaɗan. Sai dai lissafin yana buƙatar zagaye ɗaruruwa, ga cin lokaci. A 2010 Karol Gregor da Yann LeCun suka kawo shawarar a mayar da kowane zagaye ya zama hawa ɗaya na saƙar jijiyoyi, a bar ta ta koyi saitin da kanta. Zagaye ɗaruruwa suka koma goma ko ashirin. A ganina wannan reshe ne ya fi cancantar a amince da shi, domin dokokin tafiyar igiya suna nan a gine a cikinsa, koyon bai wuce na daidaita awo ba. Ya bambanta da tsarin da ake ba hoto mai dishi-dishi a ce ya fito da mai kyau ta duk yadda ya ga dama.

Kama da wane

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Saƙar jijiyoyin da aka horar da hotunan jirage dubu ta san yadda jirgi ya saba kasancewa. Idan aka ba ta awo maras cika, za ta cike giɓin da abin da ta saba gani. Sau da yawa ta dace. Ran da ba ta dace ba, hoton zai fito tas, da fiffike da wutsiya, babu wata alama da za ta nuna wa mai kallo cewa rabinsa zato ne. Tsohon hoto mai dishi-dishi aƙalla yana faɗa wa mai kallo cewa bai gani sosai ba.

Ba a fagen radar aka fara kama wannan aibi ba. A 2020 Vegard Antun da Anders Hansen da abokan aikinsu, daga jami'o'in da suka haɗa da Oslo da Kambirij, suka wallafa bincike kan na'urorin asibiti masu ɗaukar hoton cikin jiki. Sun nuna cewa ɗan canji ƙanƙani a awo, wanda ido ba zai lura da shi ba, na iya sa tsarin ya ƙago abin da babu, ko ya shafe ƙaramin abin da ke nan, irin wanda a jikin mutum zai iya zama ƙari. Lissafin sake gina hoton asibiti da na radar 'yan gida ɗaya ne. Kuma abin lura, ƙaramin abu shi ne farkon wanda ake shafewa, domin shi ne ya fi kama da yayyafi.

Akwai wani labarin da ya kamata duk mai karanta takardar ɗan kwangila ya sani. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, tare da rundunar sojin sama, suka ɗauki nauyin tattara hotunan radar na motocin yaƙi, ciki har da tankar T-72, da kaifin kusan santimita 30. Wannan tari, mai suna MSTAR, shi ya zama jarrabawar kowa, domin irinsa da aka sake wa jama'a ba su da yawa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Fudan ta Shanghai suka ba da rahoton cewa tsarinsu ya gane nau'o'in motoci goma da daidaiton da ya haura kashi 99 cikin 100. Wasu da dama suka biyo baya da irin wannan sakamako. Sai dai hotunan koyo da na gwaji kusan a wuri ɗaya aka ɗauke su, bambancin kusurwar kallo digiri biyu ne kacal, 17 da 15. Da wasu suka goge motar daga hoton suka bar ciyawa da ƙasar da ke kewaye da ita, sai tsarin ya ci gaba da faɗin sunan motar fiye da yadda canki-canka zai bayar. Ashe wani ɓangare na abin da ya haddace, wurin ajiye motar ne. Saboda haka idan aka ce na'ura ta ci kashi 99, tambayar farko ita ce a ina aka yi jarrabawar, kuma wa ya shirya ta.

Ba duka labarin ne na taka-tsantsan ba. A Janairun 2024 mujallar Nature ta wallafa aikin ƙungiyar Global Fishing Watch da abokan hulɗarta, waɗanda suka bi hotunan tauraro na shekarun 2017 zuwa 2021, mafi yawa daga taurarin radar na Sentinel-1 na Tarayyar Turai, suka sa saƙar jijiyoyi ta tsamo jiragen ruwa daga cikinsu. Sun gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi na duniya ba sa bayyana a tsarin bin sawu na bainar jama'a, kuma da yawansu a tekun Asiya da na Afirka suke. Babu adadin ma'aikatan da zai iya duba wannan tarin hotuna da ido. Amma su kansu masu binciken sun bayyana cewa jiragen da ba su kai tsawon mita 15 ba galibi suna kuɓuce musu. Kwalekwalen katako da ƙaramin jirgin gudu na roba, waɗanda su ne abin hawan 'yan fashin teku da ɓarayin mai a gaɓar Gini, suna ƙarƙashin wannan layi.

Can sama ma haka batun yake. Tun bayan da Sin ta tarwatsa tauraronta na Fengyun-1C a 2007, da karon da Iridium 33 da Kosmos 2251 suka yi a Fabrairun 2009, tarkace ya cika hanyar taurari. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana ƙiyasta cewa gutsattsarin da ke tsakanin santimita ɗaya da goma sun haura miliyan ɗaya, kowanne yana gudun kilomita bakwai zuwa takwas a daƙiƙa, kuma mafi yawansu ba a bin sawunsu. A Agustan 2016 wani ɗan gutsure da bai wuce milimita kaɗan ba ya bugi farantin hasken rana na Sentinel-1A ɗin da muka ambata, ya bar tabo mai faɗin kusan santimita 40. Radar ta TIRA da ke Wachtberg kusa da Bonn a Jamus, mai eriyar mita 34, na iya fitar da siffar tauraro daga ƙasa, kamar yadda ta yi wa tashar Tiangong-1 kafin ta faɗo a 2018. Fitar da siffar ƙananan gutsattsari daga ɗan lokacin da suke giftawa yana cikin wuraren da ake gwada sababbin dabarun nan.

Inda ya shafe mu

A Oktoban 2010 shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da shirin TRACON na hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, wanda kamfanin Thales na Faransa ya girka a tashoshi tara. Huɗu daga ciki, Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, suna da radar mai gani da kanta. Sauran biyar, ciki har da Maiduguri da Talatar Mafara da Numan, irin wadda ke tambaya ce, jirgi ya amsa da na'urar da ke jikinsa. Tsari ne da aka gina domin jiragen da ke son a gan su, kuma ba laifinsa ba ne idan bai ga wanda ba ya so ba. Tun 2016 hukumar NCAA ta wajabta neman izini daga gare ta da kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin a tayar da jirgi maras matuƙi. Doka kuwa tana kama mai neman izini ne kawai. A Disamban 2024 aka ba da rahoton cewa mayaƙan ISWAP sun kai hari da ƙananan jirage masu ɗauke da abin fashewa kan sansanin soja a Wajiroko, cikin ƙaramar hukumar Damboa ta jihar Borno. Abin da aka riƙa gani a Iraƙi da Siriya da Yukiren ya iso gida.

Ta fuskar sama kuma, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X da aka harba a Agustan 2011 masu kyamara ne. Kyamara ba ta gani da dare, ba ta ratsa gajimaren damina a kudu, ƙurar hunturu kuma tana dusashe mata gani a arewa. Radar ba ruwanta da dare ko gajimare. Shi ya sa sanarwar da aka yi a 2025, cewa majalisar zartarwa ta amince da samar da sababbin taurari huɗu, ɗaya daga cikinsu na radar, ta fi muhimmanci fiye da yadda aka ɗauke ta. Amma mallakar tauraro daban, iya karanta abin da ya aiko daban.

Ko ba jima ko ba daɗe, fayil mai ɗauke da irin waɗannan na'urori zai sauka a teburin wani darakta ko mataimaki na musamman, da ƙasida mai sheƙi da alƙawarin daidaito kashi 98 ko 99. Mai rubuta wa minista taƙaitaccen bayani ba ya buƙatar digiri a injiniya kafin ya yi tambayoyin da suka dace. Da waɗanne tsuntsaye aka horar da na'urar? Idan da tsuntsayen bakin tekun arewacin Turai ne, to ba ta taɓa haɗuwa da shamuwa ba, ko belbela, ko garken jan-baki da ke rufe sama a Yobe da Jigawa, ko jemagun da ke fitowa dubbai da magariba a wasu biranenmu. Dausayin Haɗeja da Nguru masauki ne na tsuntsaye masu ƙaura daga Turai a kowace shekara, kuma sararin da ke cike da su a watan Janairu ba shi ne na watan Yuli ba. Sau nawa take ƙarar ƙarya a awa ɗaya? Wannan adadi ya fi na daidaito amfani, kuma shi ne ba a cika son rubutawa ba. Na'urar da ke duba abubuwa 1,000 masu tashi a wuni, ko da kuskurenta kashi ɗaya ne cikin 100, za ta tayar da mai gadi sau goma a banza, kuma a mako na biyu zai rage mata murya. Shin mai aiki da ita zai iya ganin ɗanyen hoton a gefen wanda aka gyara? Shin tana nuna inda take da tabbas da inda take zato?

Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta ado ba ce. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya jefa bam kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Ba batun radar ba ne, amma ya nuna abin da ke biyo baya idan wanda ke gaban allo ya gaskata cewa ya ga abin da bai gani ba. Manhajar da ke mayar da ɗigo maras tabbas ya zama hoto mai tsabta da suna a ƙarƙashinsa tana ƙara wa mai kallo ƙarfin gwiwa, ko ta yi daidai ko ba ta yi ba.

Sai batun mallakar bayanai, wanda ya fi kowane sauƙin salwanta a cikin yarjejeniya. Na'urar da aka girka a filin jirgin Kano ko sansanin Maiduguri za ta riƙa naɗar amsar duk abin da ya gifta, dare da rana, rani da damina. Wannan naɗi shi ne ainihin abin da ake horar da saƙar jijiyoyi da shi, kuma na yankinmu yana da wuyar samu a duniya. Idan kwangila ba ta fayyace ba, kamfani zai kwashe shi ya inganta hajarsa, ya dawo ya sayar mana da sabuntawa. Idan ta fayyace, za a iya miƙa shi ga hukumar NASRDA, ko cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi da NITDA ta buɗe a Abuja a 2020, ko sassan injiniyan lantarki na jami'o'inmu. Aikin yi wa naɗin laƙabi ba ya buƙatar kuɗin waje: a ajiye kyamara da mai sanin tsuntsaye a gefen na'urar, duk ɗigon da ya bayyana a allo a rubuta ko shirwa ce ko shamuwa ko jirgin gwaji, da rana da sa'a da yanayin iska. Sai an cika shekara guda ana yi kafin a ce an ga kowane lokaci sau ɗaya, domin shamuwa ba ta zuwa sai gab da damina, baƙin tsuntsayen Turai kuma sai ruwa ya ɗauke.